Hantar Karfasa

Hantar kifin ta fito fara fat kamar an jiƙa ta a toka. Lado ya ajiye almakashi ya tsura mata ido. Shi Basarke ne, haifaffen Yauri, ya fara feɗe kifi tun bai yi wayo ba, amma bai taɓa ganin irin wannan ba.

Wata biyar ke nan yana taya Dokta Muhibba aiki a wani ɗakin gwaji a Riyad. Duk Lahadi sukan tafi wani tafki da ke kudu da birni, bayan masana'antu, ya jefa taru. Ita ba ruwan take aunawa ba. Takan ce ruwa yana wucewa da sirrinsa, kifi ne ke riƙewa. Sai ta ɗebi jini da hanta da matsarmama, sauran kuma ta ce a zuba a jar leda a kai ƙonawa.

Nan fa ake yin ta. Karfasa ɓul-ɓul, tsoka jawur, a ƙone? A gidansu ko ƙaya ba a zubarwa sai an tsotse. Lado ya ga wannan almubazzaranci ne tsagwaronsa, kuma Allah zai tambaya. Don haka kullum ledar takan tafi ƙonawa da kawuna da kayan ciki, tsokar kuma ta bi shi gida, unguwar Nasiriya, cikin kula. Matarsa Turai tana da ciki wata bakwai, tun laulayi ba abin da ke zama mata sai farfesun kifi.

"Malam Lado, zo ka gani," in ji Dokta, idonta a kan takardar sakamakon gwajin da ta iso da safen. "Inna lillahi. Dalma ce. Har cikin tsoka."

"Dalma kuma, Dokta?"

"Gubar dalma, irin wadda ta yi ɓarna a Zamfara. Wani na zuba dagwalo a tafkin nan. Babba zai iya ɗaukar lokaci bai ji komai ba. Ɗan tayi ne abin tsoro, ƙwaƙwalwarsa take fara taɓawa." Ta sauke numfashi. "Alhamdu lillahi da kamun kifi mamnu'i ne a wurin, hukuma ta hana. Ba mai ci."

Lado ya dafa tebur, gumi na keto masa duk da sanyin na'ura. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, ga kunya a kai.

"Idan an dafa shi sosai fa? Da citta da barkono?"

Dokta ta ɗago a hankali. Ta dube shi, ta dubi jar ledar da ke gefensa shafal, ba nauyi. Ta toshe baki da hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Kira matarka. Yanzu. Ku haɗu da ni a asibiti."

Nan take ya danna lambar. Turai ta ɗauka da fara'arta, ana jin ƙarar cokali a kwano.

"Maigida, ka kira a daidai! Yanzu na sauke na jiya. Wallahi ɗan nan naka Basarke ne, da na kai loma sai ya hau motsi. In rage maka, ko in cinye?"