Cukun Ƙetaren Gada

Shekara arba'in Goggo ta yi tana yin cuku a hayin tudu, kuma duk matar da ke wannan sana'a a garin a gindinta ta zauna ta koya. Da mijinta ya rasu, ƙafafu suka fara yi mata ciwo, sai 'yarta ta ɗauko ta zuwa gidanta a ƙetaren gada, tafiyar da ba ta kai minti goma ba. Shanunta biyu da tukunyarta suka biyo ta.

A shekarar ne ƙungiyar masu cuku ta samo takardar asali daga hukuma. Cukun da aka yi a hayin tudu shi kaɗai zai ɗauki tambari ya amsa sunan garin, kogi ne iyaka. Goggo ta ji labarin amma ba ta sa shi a ka ba, tunda sakataren ƙungiyar ɗan ƙaninta ne, a bayanta ya yi wayo.

Ranar kasuwa tana zaune gaban farantinta sai ga jami'in duba abinci.

"Iya, ina tambarinki?"

"Wane tambari, ɗan nan? Ɗanɗana ka ji."

Bai ɗanɗana ba. Ya zaro wani cuku a leda daga jakarsa ya nuna mata. A jikin ledar ga hoton wata tsohuwa rungume da tukunya tana dariya. Goggo ta kai shi kusa da ido. Bara ne ɗan ƙanin nata ya ɗauke ta hoton, ya ce na tarihi ne.

"Ai wannan ni ce!"

"Ke ce tsohuwa ta uku da ta faɗa mini haka yau," in ji shi. Ya buɗe kwalbar shuni ya tsiyaye a kan cukun Goggo gaba ɗaya, aikin kwana huɗu. Sannan ya ɗaga murya ya ce jama'a su kiyayi jabu. Matan da ta koya wa sana'a suna rumfar gefe, kowacce ta sunkuyar da kai tana gyaran kayanta.

Washegari ta dogara sanda ta ƙetare gadar zuwa ofishin ƙungiya. Sakatare yana waya, ya bar ta a tsaye har ya gama.

"Goggo, da kin aiko ai da na zo."

"An ce mini jabu a tsakiyar kasuwa. Shanun nan kullum a tudunku suke kiwo."

"Amma a ina ake tatsarsu? Doka ba ta san goggo ba."

Idonta ya faɗa bayan ƙofa, inda aka jera buhuna har kusan rufi. Ta sa yatsa a bakin wanda aka farke, ta lasa.

"Madarar gari? Da wannan kuke yi?"

"A hayin nan ake dama ta," ya ce, ko kunya babu. "Amma ba zan bar ki haka ba. Baƙi na zuwa duk Asabar, suna son ganin tsohuwar da ke jikin hoton. Ki zo ki riƙa zama a ƙofar shagon ƙungiya, za a riƙa ba ki na goro."

Ta yi masa kallo ɗaya ta fita.

Wata biyu ta yi tana yin cukunta, ba mai saye. Waɗanda suka san hannunta ma sai su aiko a ɓoye, daga baya suka daina. Cuku ya yi ta tsami a ɗaki. Surukinta ya ce da 'yarta ya gaji da warin da kuma surutun mutane, ya kira mahauci ya tafi da shanun, ba tare da an tambayi Goggo ba.

Asabar ta gaba aka zaunar da ita a ƙofar shago, aka ɗaura mata sabon ɗankwali, aka ba ta muciya da tukunyar ruwa da aka ɗan barbaɗa wa gari don ya yi fari. Wata baƙuwa ta durƙusa kusa da ita, ta ɗaga cukun da ta saya.

"Mama, da gaske ke kika yi wannan?"

Goggo ta buɗe baki. Hannun Sakatare ya sauka a kafaɗarta, ya matsa har sai da ta ji a ƙashi.

"Da hannunta," ya ce. "Sai dai kunnen ya yi nauyi, ba ta ji sosai. Goggo, juya tukunya, za a ɗauka."

Ta juya.