Albarkar Mati a Ranar Gwanjo

Gonar Mati da ke bakin kogi, kusa da garin Abu Na'ama a can ƙasar masu jin Larabci, ita mahkama, wato kotu, ta ce a sayar. Bara waccan ya jinginar da ita wurin wani tajirin Sinnar, ya karɓi jine arba'in, kuɗin ƙasar, ya sayi injin ban-ruwa. Ambaliya ta zo ta tafi da injin, bashi kuwa ya tsaya daram. Gonar nan ubansa ya sare ta da hannunsa, shekarar da guzurin Makka ya ƙare masa a hanya. In ta tafi, Mati da 'ya'yansa shida sai tsinkar audugar wasu a gonakin yankin Jazira.

Ranar gwanjo, ma'aikacin mahkama ya kafa tebur a inuwar tsamiya, gumi na zuba masa. Tajiri ya hakimce a kujera yana jan carbi, don shi gonar yake so, kuɗin ba su dame shi ba. Mati ya tsuguna gefe, ko kallon mutanen gari bai yi ba. Kunya ta hana shi.

Ma'aikaci ya ce da Larabci, wa zai taya?

Sai ga muryar Gado, maƙwabcin gonarsa, wanda suka shekara ashirin suna cacar baki a kan iyaka: "Arba'in da biyu."

Haba! Ran Mati ya ɓaci. Gonar da ta fi ɗari? Kuma Gado? Ya zabura tsaye, ya manta a gaban hukuma yake, ya daka tsawa irin ta mai saniya a kasuwa: "Albarka!"

To, kowane Bahaushe ya san wannan ƙin tayi ne. Amma ma'aikacin nan Balarabe ne, kuma a kasuwarsu in mai kaya ya ambaci baraka, ya sallama ke nan. Ya ga tayi ya rufe bashi har da kuɗin takarda, ya ga mai gona ya yarda, ga rana ta take. Ya buga tebur ya rubuta.

Tajiri ya miƙe yana kumfar baki, wai bai ko buɗe baki ba tukuna. Ma'aikaci ya ce, "Haƙƙinka arba'in, ga su nan." Mutanen gari kuwa ba wanda ya fassara.

Mati ya cafko rigar Gado. "Kai Gado, ba ka tsoron Allah?"

"Sakar mini riga, Mati, ita kaɗai gare ni," in ji Gado yana dariya. "Kuɗin ba nawa ba ne, na gari ne. Sodangi ya sayar da maraƙinsa, Alhasan ya ba da buhun dawa biyu, Iya Ma'u ta kwance kuɗin likkafaninta. Abin da muka iya haɗawa ke nan, ko kwabo babu a kai. Da mutumin ga ya ƙara jine ɗaya, da ta tafi. Gobe mu tafi a mai da takarda sunanka, ka biya mu da albasa."

Mati ya zauna a ƙasa. Godiya ta cika shi har ya rasa ta inda zai fara. Ya nemo Iya Ma'u da ido, ya gan ta can baya ta dogara sanda.

"Iya," ya ce, "likkafaninki fa?"

"To sai ka yi noma da sauri," in ji ta. "Zan jira."