Awon Matar Tela

Da aka sallamo matar Tela daga asibiti, ta shiga ɗakinta ta saki labule, ba ta ƙara fitowa ba. Ciwon daji ne ya kama ta a nonon hagu. Likita ya ce sai an cire, aka cire. Aiki ya yi kyau, in ji su, amma da saura. In wurin ya kame sai ta koma a fara sa mata magani ta jijiya. In ba ta koma ba abin zai dawo, kuma in ya dawo ba ya sallama.

Ita kuwa ta ce ba inda za ta.

"Na ba su abin da suka nema," in ji ta ga babbar 'yarsu, wadda ta baro gidan mijinta ta zo jinya. "Saura nawa ne. A bar ni da shi."

"Inna, ranar fa ta matso."

"Ta matso ta wuce."

Tela yana tsakar gida yana jin su. Shi ba mutum ne mai magana ba, ko a shago, in ka kawo yadi ka faɗi abin da kake so, sai ya gyaɗa kai ya nuna maka ƙofa. Tun da aka dawo da ita, kowace safiya yakan tsaya bakin labule ya ce, "Ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi," ya wuce. Bai taɓa ɗaga labulen ba. Yana gaya wa kansa hutu take so.

Mai shiga ɗakin kanta tsaye ƙanwar matar ce, wadda tun suna yara ake kira Rediyo. Takan iso da hantsi, ta yar da mayafi kan kujera, ta hau gado ba a ce ta hau ba.

"Yaya, kin ga maƙwabciyarku da ta zo dubiya jiya? Ta fi ki kama da wadda aka yanka. Na so in ce ki matsa ta kwanta."

Daga waje Tela yakan ji dariyar matarsa, gajeriya, sai kuma ta ce, "Wayyo, ki bari, ɗinkin yana ja na."

"To ki yi dariya da ɓangaren dama, na hagu yana hutu."

Amma da Rediyo ta kawo zancen komawa asibiti, sai dariyar ta ɗauke. Can a ji muryar matar a hankali: "In bi titi haka, gefe ɗaya a shafe, kowa yana kallona yana kau da kai? Ke kin san yadda nake fita. Ban taɓa fita da riga a karkace ba."

Gaskiya ta faɗa. Matar tela ce, kuma ta san haka. Duk rigar da ta taɓa sawa tun aurensu daga kekensa ta fito. Wannan ita ce maganarsa da ita. In sun yi faɗa ba ya ba da haƙuri, sai dai bayan kwana biyu ta tarar da sabuwar riga a ninke kan matashinta. Da ɗansu na fari ya rasu, bai iya ce mata komai ba, riga ya ɗinka. Kuma bai taɓa ɗora mata tef ɗin awo ba. Kowa sai ya auna shi, ita kaɗai yake yanka wa da ido. Abin alfaharinsa ke nan. Ido ba mudu ba ne, yakan ce, amma ya san kima.

Saboda haka ya tafi shago ya ciro wani yadi ruwan zuma da ya daɗe yana ɓoyo a ƙasan kantar shagon. Ya shimfiɗa kan tebur, ya ja alli, ya sa almakashi. Hannu ya bi hanyar da ya saba. Ya tsuke ƙugu, ya saki ƙirji, dama da hagu daidai wa daida. Kafin la'asar ya ɗinke rigar, ya goge ta ya ninke. Ya kawo gida ya miƙa wa 'yar ya ce, "Kai mata."

Ya zauna kan benci yana jira. An daɗe. Sai 'yar ta fito da rigar a hannu, idonta ya yi ja.

"Baba, ta gwada."

"To?"

"Ta ce in tambaye ka wa ka ɗinka wa. Ta ce mai wannan rigar an baro ta a asibiti."

Ya karɓa ya ɗaga ta sama. Sai a lokacin ya ga abin da ya yi. Ƙirji biyu ya yanka. Ya ga yadda na hagu zai rataya a jikinta kamar aljihun da ba kome ciki. Wanda ya shekara arba'in da ɗoriya yana ɗinki, ya yi kuskuren da ɗan koyo ba zai yi ba, don ɗan koyo da ya tambaya.

Washegari ya buɗe shago bai taka keke ba. Mai Aski, wanda shagonsa ke manne da nasa tun suna da baƙin gashi, ya leƙo da reza a hannu.

"Yau keken ma jinya yake yi?"

Tela ya nuna masa rigar. Da ƙyar ya haɗa kalmomi huɗu biyar. Mai Aski ya juya ta gaba da baya.

"Wannan ai ba abin zaman makoki ba ne. Kai da kake cusa soso a kafaɗar kwat, ka mai da ramamme ƙato? Cusa mata a nan. Wa zai leƙa?"

"Kai me ka sani a ɗinki?"

"Na san rufa asiri. Rabin masu zama kujerata sanƙo nake ɓoye musu."

Tela ya yi tsaki. Amma da Mai Aski ya koma, ya jawo soso ya fara yanka. Ya gyara, ya rage, ya lulluɓe da ƙyalle mai laushi, ya ɗinke daga ciki. Nan ma da ido.

Wannan karon da aka kai mata rigar, Rediyo na ɗakin. Yana tsaye bayan labule ya ji ta fashe da dariya.

"Mijin yaya, Allah ya shirye ka. Ka mayar mana da ita budurwa a hagu, kaka a dama. Ɗaya na kallon sama, ɗaya na neman abin da ya faɗi a ƙasa."

Matar ma ta yi dariya. Ya ji ta, har hankalinsa ya ɗan kwanta. Amma dariyar ba ta tsaya inda dariya ke tsayawa ba. Ta zarce, ta koma wani abu. Ya ji 'yar tana cewa, "Inna, cire, cire, yana gurzar wurin." Ya ji Rediyo ta yi shiru, abin da bai taɓa ji ba.

Sai muryar matarsa: "Ku fita. Ku ce masa ya shigo."

Suka fito suka raɓa shi ba su dube shi ba. Ya cire takalmi ya ɗaga labule.

Ɗakin na warin magani. Kwalabe a jere kan taga, da auduga, da kwanon ruwa. Tana zaune bakin gado ta yafa babban zane, rigar na ƙasa kusa da ƙafarta. Fuskarta ta yi tsawo. Bai san ta rame haka ba.

"Zauna, Malam."

Ya zauna kan kujera daga nesa.

"Soso ka sa mini."

"Don ki samu ki fita ne."

"Na sani." Ta share hanci da bakin zane. "'Yarka ta ga wurin nan, ita ke wanke shi. Rediyo ta gani. Likitoci sun gani, har da yara masu koyon aiki, an tara su a kaina ana nuna musu. Kai kaɗai ne ba ka gani ba. Kullum kana bayan labule, ya jiki, ya jiki, kamar mai karɓar kuɗin wuta. In kai ba za ka iya kallona ba, wa zan fita ya kalle ni?"

Abin da ya ɗauka kara ce yake yi mata, ashe tsoro ne, kuma ta riga shi sani.

"Tef ɗinka na wuyanka," in ji ta. "Duk garin nan ka auna. Zo ka auna ni."

"Wurin bai gama warkewa ba."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Taso."

Ya taso. Ta saki zanen daga kafaɗar hagu.

Tabon ya tashi daga tsakiyar ƙirji ya tafi har ƙarƙashin hammata, ja, a kumbure, fatar ta tattare a ƙarshensa. Inda 'ya'yansa shida suka sha, yanzu ƙashin haƙarƙari ake gani yana hawa yana sauka. Ya dafa gado. Tana kallon fuskarsa ba ta ƙiftawa, ya san in ya kau da kai ko sau ɗaya, shi ke nan, ba mai ƙara fitar da ita daga ɗakin nan.

Bai kau da kai ba. Ya sunkuya ya matso da ido, ya bi layin daga farko har ƙarshe, yadda yake duba aikin da aka kawo masa gyara.

"Wa ya yi wannan ɗinkin?"

"Babban likitan da kansa."

"Bai ja layi ba kafin ya fara. Dubi nan, ya tattare bakin. Da a shagona ne, sai ya farke ya sake."

Ta dube shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta dafe gefenta da hannun dama tana cewa, "Kai dai ba ka da kirki, Malam, wallahi ba ka da kirki," hawaye na zuba, dariyar na fita da ƙyar. Shi bai yi dariya ba. Ya zare tef daga wuyansa, ya ɗumama ƙarfen bakinsa a tafin hannu don kada sanyi ya taɓa ta.

Ya auna kafaɗa. Ya ce ta ɗaga hannu, na hagu ya ƙi wuce rabi, ta ciji leɓe. Ya ce ta bari, ta gaba zai buɗe rigar ya sa maɓalli, ba sai ta zura ta ka ba. Ya zagaya tef a ƙirjinta a hankali, ya kauce wa tabon. Da ya zo ƙugu ya duba lambar, ya sake dubawa. Ko ranar da aka kawo ta gidansa ta fi haka cika. Tef ya kuɓuce masa, ya sunkuya ya ɗauka, ya daɗe a sunkuye.

"Ba soso," in ji shi da ya miƙe. "Tattara zan yi daga kafaɗa ta sauko, duka gefen biyu. Yadin zai tsaya da kansa, ba zai taɓa wurin ba."

"Za a gane?"

"Mai ƙura ido zai gane."

Ta juya tana kallon kwalaben kan taga. Ya jira. A waje ya ji Rediyo tana raɗa da 'yar, da ƙarar murfin tukunya.

"Ka yi hannun dama da faɗi," in ji ta. "Wanda zai naɗu har sama. An ce a nan suke soka allurar."

"To."

"An ce kuma gashi na zubewa. In yadin ya ragu, ka fitar mini da ɗankwali."

"Zai ragu."

Ya naɗe tef ya nufi ƙofa. Ya kama labule ke nan ta sake kiransa.

"Malam. Guda ɗaya za ka ɗinka. Na san halinka, kada ka je ka yanka yadi biyar. Bari mu ga ko zan kashe wannan tukuna."

Ya tsaya da labulen a hannu, bayansa gare ta. Ya so ya ce za ta kashe ta, ta kashe goma bayanta. Bai saba faɗin abin da bai auna ba, sai a kanta, kuma ya ga inda hakan ya kai shi.

"Gobe da hantsi za ki gwada," in ji shi, ya fita neman takalminsa.