Igiyar Yari

"Inna, Baba Rabo akuya ne?"

Hure ta tsayar da taɓarya, ta dubi ɗanta Sabo. Can tsakar gida, a turken awaki, maƙwabcinsu Rabo ne zaune cikin rana, hannuwansa a baya, igiyar rama ta nutse cikin fatarsa. An ce wasu mutane da gwamnati ke nema sun bi ta gonarsa, shi kuwa ya ba su fura.

"Rufe bakinka, wuce ɗaki."

"To don mi aka ɗaure shi wurin awaki?"

Hure ta koma ga dakanta. Mijinta Jibo shi ne Yarin Kore Mairuwa, kamar ubansa da kakansa, mai tsare wanda aka kama har a miƙa shi gaba. Tun da Nasara suka tafi ba a ƙara kiran wannan suna ba. Gardi ake ce masa yanzu, har da hula da wandon kaki. Suna ya mutu, igiya tana nan.

Ta dama fura, ta durƙusa, ta riƙa wa Rabo ƙwarya a baki. Ya sha, ya yi wata gajiyayyar dariya.

"Ɗiyata, yi hankali. Abin nan da kika yi shi ya kawo ni turke."

Da la'asar Jibo ya shigo yana kaɗe hula. Ya ce, "Gobe da sassafe zan kai shi Dogon Dutsi wurin kumandan, mai mulkin yanki. Ki yi wa Sabo wanka. Shi zai riƙe wutsiyar igiya har bakin gari."

Hure ta dube shi. Ta san al'adar gidan: yaron da ya riƙe wutsiyar igiya a gaban jama'a, shi ne magaji, ba ya kuma fita.

"Malam, yaron da ko famfara bai gama ba?"

"Ni ma ban gama ba aka ba ni."

"Rabo fa shi ya yanka ragon sunansa."

"Ni a kafaɗa ya ɗauke ni ranar kaciyata." Ya miƙo mata hannu. "Kin ga yana rawa?"

Ta duba. Ko kaɗan ba ya rawa. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Ta san gardama da dutse ba ta fasa shi. Da asuba, Jibo na masallaci, ta goya ƙaramarsu Ma'u, ta kama hannun Sabo, ta bi ta bayan danga ta shige gonar gero. In duka ne a dake ta, in saki ne a sake ta, amma hannun ɗanta ba zai taɓa igiyar nan ba.

Daga cikin gero ta ji muryar Jibo yana kiran yaron, sau da yawa. Ta rufe wa Sabo baki da tafinta. Sai ta ji kururuwar matar Rabo ta tashi, ta bi hanya, ta yi nisa, ta ɓace.

Hantsi ya dubi ludayi. Hure ta sauke numfashi, ta sauke Ma'u a inuwar kalgo, ta ba su sauran fura, ta shiga tsinkar ganyen wake don kada ta koma gida hannu rabbana.

Kukan Ma'u ne ya dawo da ita a guje.

Yarinyar tana zaune jikin kututture, hannuwanta a baya, an ɗaure su da ɓawon kalgo. Hure ta fizgi ɗaurin, ya ƙara shiga nama.

"Kada ki ja, Inna," in ji Sabo cikin natsuwa. "In kin ja ƙara ci yake. Haka Baba ya yi wa Baba Rabo."

"Mi ta yi maka?"

"Ta ba tururuwa fura."

Da haƙori ta tsinke ɓawon. Ta rungume 'yar, sannan ta dubi hannuwan ɗanta. Ƙanana ne, da ɗaci-ɗacin kalgo a yatsu, ba sa rawa.

Kai mai karatu, in kana da ɗa, duba abin da ke ɗaure a tsakar gidanka. Kada ka tsare hannunsa ka manta da idonsa.