Motar Malam Idirisu Kafin Ruwa

Duk wanda ya zauna a unguwar New Bell ya san ruwan sama ba ya sallama kafin ya shiga gidan mutum. Kwata ta cika ta tumbatsa, sai ka ga takalminka yana iyo a tsakar gida. Shi ya sa duk shekara, da damina ta kankama, Malam Idirisu yake ɗaga tsohuwar Fijonsa ya ɗora ta a kan gungumen katako, ta zauna can sama har ruwa ya ja baya.

Bana babu Malam Idirisu. Ya rasu tun da rani, matarsa Hajjo ta yi takaba ta fita, motar kuma tana nan a rumfar kwano inda ya bar ta, hularsa ma tana kan kujerar gaba. Hajjo ba ta iya tuƙi ba, ba ta da niyyar koyo. In gidan ya yi mata faɗi bayan la'asar, sai ta buɗe ƙofar motar ta zauna a gefen da ta saba zama, ta shaƙi sauran turarensa da bai gama fita daga kujerun ba.

Ɗanta Salman, da ke Libreville, ya riga ya faɗa mata ta waya, cikin ladabi dai amma ba kwana-kwana: in ruwa ya shiga motar nan ta ruɓe, zai sa masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe ta, ba zai bar uwarsa da matattarar sauro ba. 'Yarta Naja'atu kuwa, mai aikin ofis a Bonanjo, ta yi alkawarin turo makaniki ranar Asabar. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta bi bayanta. Hajjo ba ta ƙara tuna mata ba, don ta gaji da roƙon a sa mata rana.

Wata safiya hadari ya haɗo daga wajen teku, baƙi ƙirin. Hajjo ta dube shi, ta dubi motar, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta buɗe but ɗin motar ta ciro jak, abin ɗaga mota da mutanen unguwa ke kira kirik.

Ai ba baƙon aiki ba ne a wurinta, shekara da shekaru a gabanta ake yin sa. Ta ja birkin hannu har ya ƙure, ta tabbatar motar tana cikin giya, ta danna duwatsu gaba da bayan tayoyin da ba za ta fara da su ba. Sannan ta shiga kicin ta ɗauko wani katako mai kauri. Ƙasar New Bell fadama ce aka cike, in ka kafa jak a kanta haka nan, nutsewa zai yi ya karkace da mota. Katakon nan na Malam ne, amma duk rani sai ta sace shi tana yanka albasa a kai, duk damina kuma sai sun yi cacar baki a kansa, yana cewa motarsa ta koma warin miya. Bana ba wanda ya nemi katakon, ita ta kai shi da kanta.

Ta durƙusa ta laluba ƙarƙashin ƙofa da yatsa. Malam ya sha faɗa cewa cikin mota gwangwani ne, jak zai lotsa shi ko ya huda shi. Wuri ɗaya aka yi wa ƙarfi a bayan kowace taya ta gaba da gaban kowace ta baya, inda akwai 'yar tsaga. Ta same ta, ta yi sumul saboda yawan amfani. Ta zaunar da kan jak a ciki, ta yi bisimilla, ta fara juyawa.

Ta kafa wa kan jak ɗin ido yadda yake yi, don shi ko ƙuda ya sauka masa a hanci ba ya ɗauke ido daga wurin, kada ya goce. Tana juyawa, kafaɗa na zafi, tana juyawa. Sai ta ji motar ta yi wata ƙara, ta ga jak ɗin ya miƙe ya ƙure har ya soma jirkicewa. Ta saki hannu ta waiga. Tayar ta yi sama fiye da kamu guda, tana lilo.

Nan ta gane abin da ya faru. Jira take a ce mata ya isa. Duk shekarun nan shi yana kallon jak, ita tana tsaye tana kallon taya, da haske ya bayyana a ƙarƙashinta sai ta faɗa masa ya tsaya. Ta ɗauka rakiya kawai take yi masa, ashe rabin aikin nata ne. Ta zauna daɓas a ƙasa, kewarsa ta taso mata, irin wadda ko ranar da aka fita da shi ba ta ji ba.

Iska ta kaɗa kwanon rumfar, ta tuna mata ruwa ba zai jira ta ba. Ta sassauto da jak ɗin a hankali har ya daidaita. Ta turo gungume da taɓarya zuwa ƙarƙashin ƙarfen da ke ɗauke da motar, don Malam bai taɓa yarda hannu ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba. Ta sauke motar a kai, ta girgiza ta, ta ji ta zauna daram.

Sauran tayoyin haka ta bi su: ta juya kaɗan, ta tsaya ta leƙa, ta koma ta juya. Aikin da suke gamawa kafin shayi ya huce ya kai ta har aka kira azahar a masallacin layinsu. Tana kan ta ƙarshe yayyafi ya soma, ruwan kwata ya fara leƙowa ta ƙofar gida. Ta leƙa ta ga haske a ƙarƙashin tayar, bakinta ya riga ta.

"Ta tashi, Malam."

Da yana nan da ya ce mata, "To, turo gungumen." Ta ɗan saurara, ba abin da take ji sai ruwa a kan kwano. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki taɓaryar.