Ƙofar Don Eleuterio

Ranar da mutanen ƙauyen suka tafi birni zanga-zanga, Don Eleuterio bai bi su ba. Kamfani ya haƙa dogon rami na bututun mai tsakanin kurmi da teku, a cikin gandun da gwamnati da kanta ta hana a sare ko kara. Gari duka ya fusata. Har gurgu ya nemi kujera a bas.

Hermelinda, ƙanwar marigayiyar matarsa, ta leƙo ta tagar bas.

"Don Eleuterio, shigo mana! Ko kamfanin ne ya saye ka da kwalbar giya?"

"An yi ruwan farko jiya," in ji shi. "Ƙaguwa za ta fito."

"To, sarkin ƙaguwa! Mu mun tafi wurin gwamna, kai ka gaishe mana da talakawanka."

Aka yi dariya, bas ta tashi.

Yaran yanzu ba su san komai ba sai ihu. Duk shekara, in ruwan farko ya sauka, matan ƙaguwa kan baro ramukansu a kurmi, ciki fal da ƙwai, su nufi teku su zubar. In ba su isa ba, baɗi babu ƙaguwa. A da, gari ne ke fitowa da bokitai a tsallakar da su titi. Casilda, matarsa, ita ke gaba. Ita ta koya masa cewa ba a juye su cikin ruwa: a kan yashi ake ajiye su, su ƙarasa da ƙafarsu, don su gane hanyar komawa gida.

Ya iske ramin kamfanin ya riga ya fara cika da ƙaguwa. Shuɗaye, suna ta hawa kan juna, suna kartar bangon laka suna zamewa. Ya sauka da bokiti biyu. Ya kwasa, ya hau, ya ajiye a yashi, ya dawo. Suka datse masa yatsu har jini. Kafin rana ta take, gwiwoyinsa sun ƙi, kurmi kuwa bai daina amayo su ba. Waɗanda ke ƙasa zafi ya fara kashe su. Ya ɗaga kai ko zai ga wani. Babu kowa sai angulu a kan tulin bututu.

Sai ya koma gida, ya tsaya gaban ƙofarsa. Casilda ce ta shafa mata koren fenti, shekarar da ta kwanta. Ya ɗauko guduma ya ɓalle ta, ya ɗora a baya, yana tafiya yana hutawa. Ya jingina ta cikin ramin, kanta a gefen teku, ya watsa mata yashi don kada ta yi santsi. Da ganyen kwakwa ya riƙa koro su. Ɗaya ta hau. Sauran suka bi.

Da la'asar sakaliya bas ta dawo, ba waƙa. Hermelinda ta same shi zaune a bakin ramin.

"Gwamna bai fito ba," ta ce. "Wani yaro mai kwat da taye aka turo mana." Ta duba ƙasa, ta dafe ƙirji. "Wannan ba ƙofar yayata ba ce? Tsohon nan, ka haukace?"

"Sun tsallaka."

"To ɗauko abarka mu tafi. Na dafa wake."

"Ai za su dawo. Sai na juya musu ita."

Ta ja gyalenta ta wuce.

Ya koma gida shi kaɗai, ya hura wuta, ya ɗora ruwan kofi. Iskar teku na shigowa kai tsaye ta inda ƙofar take a da. Bai rataya ko buhu ba. Tun da aka binne Casilda, babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar.