Gefen Baba

A gafarce ni da karambanin ɗaukar alƙalami a gaban waɗanda suka iya. Ni mai karatu ce kawai, ban taɓa rubutawa ba. Idan na yi tuntuɓe, a kawar da kai.

Tirelar tana zaune a kan faifan katako a tsakiyar tebur, tsawonta bai wuce hannun babban mutum ba. Tayoyinta daga tsohon silifa aka yanko su. Bodinta gwangwanin mai ne da aka farke aka miƙar da guduma, madubanta kuwa ɓaraguzan madubin Mama ne da ya fashe. Tun da ciwo ya kwantar da Baba ya raba shi da sitiyari, ita ce ta zama aikinsa. Babu abin da ya bari na motar da ya tsufa a cikinta: tankin mai, matakalar hawa, har ƙugiyar da ke haɗa kai da bodi.

Yau da la'asar Maigida, mai motocin, zai zo ya ga yadda ya warke, ya miƙa masa makulli. Gobe da safe akwai lodi. Tirelar gwangwanin kuwa kyautar godiya ce.

Shuɗin fenti ya bushe tun jiya. Saura farin layi, fitilu da baƙin tayoyi.

"Auta, ɗauki wancan gefen, ni in ɗauki wannan," in ji Baba. "Kuma kada ki cika wa buroshi fenti. Shafa ake yi, ba wanka ba."

"Baba, ga rula."

"Ni? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ke ce 'yar littafi, riƙe abarki."

Ta yi dariya, ta sunkuya. Warin fenti da kananzir ya cika ɗakin. Tana jan layinta a hankali, ta danne numfashi, tana jiyo Baba ta ɗaya gefen yana 'yar waƙa a maƙoshi, irin wadda rabon da ta ji ta tun kafin asibiti.

"Na gama," ya ce, ya jefa buroshi a kofin kananzir. "Tsoho ya riga yarinya."

Ta zagayo ta gani.

Layin ya taso daga wutsiyar motar, miƙe kamar zare, ya ratsa bodi babu ko gargada. Da ya iso ƙofar direba sai ya tsaya cak. Daga nan zuwa hancin motar, wanda ya faɗo a hagun Baba, babu komai. Fitilar gaba gwangwani ce tsirara. Tayar gaba tana nan da kalar silifa.

"Baba, ka gama ke nan?"

"Tas. Kin ga gyara?" Yana kallon motar kai tsaye, yana murmushi.

Auta ta sake duban motar. Sai ta tuna kofin da ya ture jiya, da yadda kafaɗarsa ke bugun bakin ƙofa in zai fita, kullum ta hagu. Ta ɗauki jan tsumman da suke goge hannu, ta tsaya a hagunsa, ta ɗaga shi sama. Bai motsa ba. Ta kaɗa shi. Ta matso da shi har ya kusa shafar kunnensa, shi kuwa yana ba ta labarin wata gangara da birki ya taɓa ƙwace masa. Sai da ta tako gabansa ya zabura.

"Ke kamar aljana! Yaushe kika dawo nan?"

"Baba, me likita ya ce game da idonka?"

"Ido kuma? Cewa ya yi in matse hannunsa. Na matse, sai da ya yi ƙara." Ya miƙe yana dariya. "Bari in watsa ruwa, kada Maigida ya same ni kamar mai fentin gini."

Kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofa. Bai ko waiwaya ba.

Mama ta shigo da tire da kofuna. Ta dubi motar, ta dubi 'yarta, sai ta ajiye tiren a hankali kamar mai gudun tada barci. Ba ta yi mamaki ba, kuma wannan ne ya fi tsorata Auta.

"Ɗauki buroshi ki ƙarasa masa," Mama ta ce ƙasa-ƙasa.

"Mama, kin sani?"

"Ni da nake zuba masa abinci, yana cinye rabin kwano ya ce a ƙaro? Ɗauki buroshi na ce."

"Ba ya ganin hagunsa fa. Tirela ce, Mama, ba keke ba."

"Zai riƙa juya kai. Hanyar nan ko ido rufe ya san ta."

"Yaron da zai tsallaka titi fa? Shi ma ya san shi?"

Mama ta kama hannunta, ta riƙe da ƙarfi. Idanunta sun kaɗa. "Ke ba ki gan shi ba ranar da aka ba wani motarsa. Zama ya yi yana kallon bango, ko ruwa ya ƙi sha. Gwangwanin nan ne ya tashe shi, don ya sa rai zai koma. Ki ƙwace masa wannan, ki gaya mini me ya rage."

Auta ta ɗauki buroshin. Farin fenti ya ɗiga a kan tebur. Layin da ya rage bai fi tsawon yatsa ba. Kafin a tafasa shayi za ta iya gamawa. Ta kai bakin buroshin daidai inda na Baba ya tsaya, ta kasa ja.

Ƙarar hon ta tashi a ƙofar gida.

"Shi ke nan, kin ja mana," Mama ta ce. Ta karɓe buroshin, ta tura faifan jikin bango, gefen Baba ya ɓuya, gefen Auta ya fuskanci kujerar baƙo. "Zan ce fenti bai bushe ba, kada a taɓa. Gobe kya ƙarasa a kai masa. Ki kama bakinki."

Ta gyara ɗankwali ta fita tarbar baƙo.

Daga tsakar gida muryar Maigida ta cika ko'ina. "Ina sarkin hanya? Kai, ka ga mutum ya yi ƙiba! Ashe hutu ka samu ka bar mu da yara masu cinye mana kuloci!"

"Ranka ya daɗe, ai gobe za ka ga bambanci," in ji Baba. Muryarsa ta koma ta saurayi. Makullai suka yi ƙara; an miƙa, an karɓa.

Baba ya ƙara da cewa, "Akwai abin da na haɗa maka a ciki. Sai ka gani da idonka."

Auta tana tsaye ita kaɗai a ɗakin. Ta dubi gefenta, mai kyau, fitila ja da fari, layi har hanci. Takun takalma yana matsowa. Ta san ko an tambaye ta ba za ta iya furta kalma ɗaya a gaban Baba ba.

Ta sa hannu biyu ta kama faifan. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta janyo shi daga bango, ta juya shi a hankali don kada madubi ya karye, har hancin da babu layi ya fuskanci kujerar baƙo, hasken taga ya sauka a kan fitilar gwangwani.

Labulen ƙofa ya motsa. Ta bi ta ɗakin girki, ta zare sakatar ƙofar baya, ta fita lungu babu takalmi, da farin fenti a yatsunta. Ta taga tana jiyo Baba da Maigida suna dariya tare. Ta ƙara sauri, don kada ta ji lokacin da dariyar za ta tsaya.